Ranar da Aka Fasa Kwalaben Riga-kafi

Kafin Mai Sawu ya iso ƙaramin asibitin unguwar da safiyar Litinin, labarin ya riga shi zagaye gari. Tun daga bakin titi yake ratsa mutane tsaitsaye, wannan ya kara waya a kunne, wancan ya sunkuya yana danne-danne. An shiga ɗakin ajiyar magani an farfasa kwalaben riga-kafin annoba kaf, waɗanda aka tanada domin yi wa tsofaffi zagaye na biyu a makon.

Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu saran itace da maharba, har gwiwarsa ta hagu ta gaza. Tun da ya ajiye aiki, in an sace akuya ko babur Sajan na ofishin 'yan sandan unguwar yakan aika a kira shi. Yau da kansa ya bugo, muryarsa a sama.

"Baba, aikin nan ba zai ci maka minti goma ba," Sajan ya ce yana fifita da hula. "Mun san mai shi. Ka dai duba ƙasa ka tabbatar mana."

"Tun da kun san shi, me za ka yi da tsoho mai ɗingishi?"

"An ce sai da hujja. Lasifika ne, mai askin nan na bakin kwanar titi. Shekaranjiya ya saki saƙon murya ya ce da yana da iko da ya juye maganin a kwata. Kowa ya ji."

Mai Sawu ma ya ji, ko da yake wayarsa ƙarama ce mai madannai. A gidansa 'ya'yansa suka kunna masa. Wata uku ke nan da zuwan allurar, wata uku kuma guruf ɗin hirar unguwa a waya na ci da wuta. Asibiti ya saki bidiyo yana kiran mutane, kafin awa guda Lasifika ya mayar da martani, sai a kwana biyu ana zage-zage a ƙarƙashi. Akwai wa da ƙani da suka daina gaisawa a kan haka.

Daga cikin taron wani ya ɗaga murya ya ce Allah ya yi wa wanda ya fasa albarka. Wani ya ce a ƙona shagon mai aski. Aka fara ture-ture. Mai Sawu bai jira ya ga ƙarshe ba, ya shige.

Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar asibitin, tana tsaye a ƙofar ɗakin ta harɗe hannu, idanunta sun yi ja. A bayanta akwai mataimakinta, magidanci ɗan shekara talatin da wani abu, wanda kowa ke kira Darakta saboda shi ke ɗaukar bidiyoyin asibitin. Ya shiga ya fita, ya kawo kujera, ya mayar, ya kawo ruwa.

"Ɗana, tsaya wuri ɗaya," in ji Mai Sawu. "Kana taka min ƙasa."

Ɗakin ɗan ƙarami ne. Firji a jikin bango, tebur, kwalaye, taga ɗaya ta baya da aka fasa. Ɓaraguzan kwalabe sun watsu a siminti suna ƙyalli.

"Da kika buɗe, firjin na aiki?"

"Yana aiki, Baba, ƙofarsa ce a wangale. Wutar sola gare mu, ba ta ɗaukewa."

"Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Darakta, da maigadi. Ranar Juma'a da azahar muka rufe."

Ya dafa tebur ya durƙusa, gwiwar tana ƙara. Daga ƙarƙashin firjin wani shatin ruwa ya miƙe har ƙofar baya, ya bushe ƙamas, gefensa ya yi fari. Ya shafa da yatsa. Ya ɗaga wata fasasshiyar kwalba, ƙarƙashinta ma a bushe. Ya miƙe ya zagaya bayan ginin, Sajan na biye da shi.

Gilashin tagar kusan duka a waje ya zube. A ƙasan tagar sawu ɗaya ne kawai, silifas na mace, ɗan ƙarami, diddigen hagu ya cinye. Mai shi ta daɗe a tsaye, ta sauya ƙafa sau da yawa.

"Mace?" Sajan ya zaro ido. "To aiko ta ya yi!"

"Dubi gilashin. A kan sawun ya faɗo. Da ita ta fasa, da ta taka shi wajen tafiya."

"To me ya kawo ta?"

"Sai mu tambaye ta."

Sawun ya bi gindin katanga, ya tsallake kwata, ya ɓace a kan kwalta. Mai Sawu ya yi ta kai da komo a ɗaya gefen, rana na dukan ƙeyarsa, har ya sake tsinto diddigen a yashin bakin wata rijiya. Daga nan ya kai su wani ɗan shagon ɗinki. Silifas ɗin na nan a bakin ƙofa.

Mai ɗinkin ba ta daina taka keken ba sai da suka yi sallama sau biyu. Mai Sawu ya gane ta. Matar direban nan ce da ya rasu wata biyu da suka wuce.

"Ni ce," ta ce kafin ya gama tambaya. "Jiya da safe na je. Ko tsayuwar ma laifi ce?"

"Ba laifi ba ne, 'yata. Me kika je yi?"

Ta ja zaren ta yanke da haƙori. "Kwana goma tsakanin allurarsa da mutuwarsa. Shekara bakwai yana fama da hawan jini, kowa ya sani. Ban gama karɓar gaisuwa ba na ga hotonsa a waya, an rubuta wai allura ce ta kashe shi. Ba wanda ya tambaye ni. Da na rubuta na ce ni dai ban sani ba, sai masu goyon bayan asibiti suka yo kaina, wai irinmu jahilai ne ke hana ƙasa ci gaba. 'Yata ta karanta wannan, Baba. Ɗan uwana ya ce in kai ƙara, surukata ta ce in yi shiru. Ni so nake Sista ta dube ni ido cikin ido ta faɗa min abin da ta sani. Na manta Lahadi ce. Na leƙa ta taga ko da mutum, ban ga kowa ba, ƙafata kuma ta ƙi tafiya."

"Tagar lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ruwa dai na gani ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar baya, har na ce wani ya bar famfo a buɗe."

"Jiya da safe?"

"Wajen ƙarfe tara."

Wayar Sajan ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canza. Samari sun taru a shagon mai aski, an ga wani da jarkar fetur.

Shagon askin a rufe yake, an saukar da ƙofar ƙarfe saura taƙi ɗaya. 'Yan sanda biyu sun tare gaba. Mai Sawu ya ratsa taron da sandarsa, ya ƙwanƙwasa, aka ɗaga masa ya shiga a sunkuye.

Lasifika ƙato ne mai ƙaton ciki da muryar da ta ja masa sunan. Yanzu yana zaune a kujerar aski, almakashi a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Mai Sawu ya dubi ƙafarsa. Takalmi ne mai faɗi kamar faranti, ba irinsa ko kusa da asibitin.

"Baba, wallahi tallahi baki ne kawai. Jiya tun safe har magariba kai goma sha tara na aske, ka tambayi kowa. Ni da ko kaza ba na iya yankawa?"

"Amma ka iya cewa a juye magani a kwata."

"Zafin rai ne. Ka san yadda abin ya fara? Tambaya na yi. Na ce wannan allura da aka haɗa da wuri haka, me ke cikinta? In mutum na da ciwon suga fa? Ba wanda ya ba ni amsa. Dariya suka turo min, irin mai hawayen nan. Wani ya ce in tsaya a kan ƙeya, nan ilimina ya ƙare. To ni ma na buɗe baki. Yanzu mutum ɗari takwas ke jiran abin da zan ce." Ya saurari hayaniyar waje. "Rabin waɗancan da ke neman ƙona ni, ni nake musu aski."

Ya zaro waya. "Dubi abin da ya tunzura ni. Dubi yadda yake washe baki kamar mai tallan man goge haƙori."

Darakta ne a cikin bidiyon, tsaye a ɗakin ajiyar magani, fuskarsa ta yi haske fes, yana nuna firjin da hannu. Yana cewa magani na nan a sanyaye, a tsare, kowa ya kawo iyayensa ranar Litinin. A ƙasa mutum sama da dubu sun yi sharhi.

Mai Sawu ya ji wani abu ya tsaya masa a rai. "Sake kunnawa. Kashe muryar."

Ya kawo wayar dab da hancinsa. Ya ce a sake. A karo na uku ya sa Lasifika ya tsayar da hoton, ya buɗa kusurwar ƙasa da yatsu biyu.

"Yaushe aka saki wannan?"

"Juma'a, ƙarfe ɗaya da kwata. Ga shi a rubuce."

Mai Sawu ya miƙe da sauri har gwiwar ta soke shi. Ya leƙa waje ya kira Sajan. "Ka sa Lasifika a mota, ta baya. Ka aika a zo da mai ɗinki. A taso maigadi daga barci."

A hanya Sajan ya kunna masa sabon saƙo da ke yawo. Wata murya na rantsuwa cewa Sista ce ta fasa da hannunta, don ta gano guba ce tana tsoron alhaki. Sajan ya sosa kai. "Ita ma fa tana da makulli, Baba."

"Tana da shi. Yi sauri."

Aka zaunar da su a bencinan ɗakin jira, aka rufe ƙofa. Ana jin taron a waje kamar kasuwa. Mai Sawu ya kasa zama, yana zuwa bango yana dawowa, sandarsa na buga siminti.

Ya fara da maigadi, dattijo mai furfura da ke ta hamma. Da magariba yake zuwa, ya zauna a ƙofar gaba, ba ya zagayawa baya saboda ƙwan fitilar can ya mutu tun bara. Bai ji ƙarar komai ba, jiya ko shekaranjiya.

"Ba zai ji ba," in ji Mai Sawu, "domin kafin ya zo aka gama. Ƙarfe tara na safiyar jiya taga lafiya lau, wannan baiwar Allah ta gani. Ba wanda ya shigo ta tagar nan. Daga ciki aka fasa ta, gilashin ya zube waje. Mai makulli ne."

Sista ta miƙe tsaye. "Baba, shekara ashirin da shida ina aikin nan."

"Zauna, Sista, ban gama ba. Da buɗe firjin nan jiya ne ya narkar da ƙanƙara, da yau mun tarar da ƙasa a jiƙe. Na tarar da ita a bushe, kwalaben a kan busasshen wuri. Ruwan ya riga ya fita tun jiya da safe, ana kulle. Ƙanƙarar ciki ta narke tun kafin a taɓa kwalba ɗaya. Wanda ya fasa maganin nan, mushensa ya fasa. Ara min wayarki, ki nemo bidiyon Juma'a."

Ta nemo. Ya sa ta tsayar da shi, ta buɗa kusurwar hagu ta ƙasa. Sajan ya leƙo ta kafaɗarta.

"Soket nawa ne a bangon nan?"

"Ɗaya," ta ce a hankali.

"Me ke jikinsa?"

"Farar waya. Ta fitilar ɗaukar hoto."

"Baƙin abin nan da ke kwance a ƙasa fa?"

Ta juya ta dubi mataimakinta. Filogin firjin ne.

"Mutum dubu sun kalli wannan," in ji Mai Sawu, "suna ta faɗa a kan bakin mai magana. Ba wanda ya dubi bayan ƙafarsa."

Darakta ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Minti biyar na ce, Anti," ya faɗa da muryar da ba ta fita sosai. "Batirin fitilar ne ya mutu. Na ce in gama in mayar. Ina sakin bidiyon sharhi ya fara shigowa, na fita ina amsawa, ina tafe ina amsawa. Ban tuna ba sai jiya bayan azahar, da na nemi fitilar. Na zo a guje. Na sa hannu a ciki, ɗumi."

"Me ya hana ka kira ni?" Muryar Sista ta tsinke. "Ni fa na ɗauko ka aikin nan!"

"Awa biyu ina zaune a ƙasan ɗakin can. Na mayar da filogi, na ce in yi shiru, zuwa safe ya yi sanyi, a yi wa mutane, ba wanda zai sani. Har na kai ƙofa. Sai na ga ba zan iya tsayawa ina kallo ana tsira wa tsofaffi ruwan banza, su tafi suna ganin sun tsira ba. Na ce in faɗi gaskiya, sai na tuna wata uku ina roƙon mutane su yarda da mu. In aka ji mu da kanmu muka lalata, wa zai sake zuwa?"

"Sai ka tuna da ni," in ji Lasifika.

Darakta bai ɗago ba. "Na tuna saƙonka na Asabar."

Lasifika ya zabura, benci ya kife, Sajan da maigadi suka rirriƙe shi. "Da fetur suka zo! 'Ya'yana huɗu! Ka ji su ko ba ka ji ba? Tun safe kana nan kana kawo wa mutane ruwa!"

"Da ka fasa don kada a cuci tsofaffi, wannan na gane," Mai Sawu ya ce wa Darakta. "Tagar da ka fasa don a ɗora wa wani ce ban gane ba."

Sajan ya ce a fitar da Darakta ta baya, a gaya wa jama'a ana ci gaba da bincike. Sista ta goge fuska da gefen mayafinta ta ce a'a. Ta buɗe ƙofar gaba ta tsaya a kan matakala, wayoyi suka ɗago sama kamar an shuka su. Ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ta ce mai aski ba shi da hannu, ta ce sakacin na asibiti ne, ita ce babba, nata ne. Wani ya yi ihu ya ce dama sun faɗa. Wata ta tambaya ko na zagayen farko ma lalatacce ne. Sista ta tsaya a cikin rana tana amsawa ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Da taron ya watse, mai ɗinki na nan a benci tana jira. Suka shiga ofis su biyu suka rufe ƙofa, suka daɗe.

An dakatar da Darakta, maganarsa ta tafi kotu. Guruf ɗin unguwa bai huce ba, sai ma abin da ya ƙaru. Wasu suka yanko rabin maganar Sista suka yaɗa, inda take cewa maganin ya lalace, suka bar sauran. Kwana goma sha biyu aka yi kafin wasu kwalaben su iso, a tsakanin nan tsofaffi biyu suka kamu, aka kai su babban asibiti. Ɗaya ya dawo.

Ranar da aka ci gaba da allura Mai Sawu ya kasa zaman gida, ya tako zuwa asibitin. An jera benci shida, biyu ne suka cika. Yana tsaye a bakin ƙofa sai ga Lasifika riƙe da hannun wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, tana tafiya da ƙyar, katinta a ƙulle a bakin zane.

"Kada ka dube ni haka, Baba," in ji mai askin. "Ita ta matsa. Ni ban ce na yarda ba."

"Rabu da shi, malam," tsohuwar ta ce. "Ni na haife shi. In ka ji yana ƙara to tsoro yake ji. Yana shekara tara sai da maza uku suka danne shi kafin a yi masa allurar zazzaɓi."

Mutanen benci suka tuntsire da dariya, har Sista. Lasifika ya ce, "Haba Inna, a gaban mutane?"

Aka zaunar da ita, ta naɗe hannun riga da kanta. Sista ta zuƙo maganin ta ɗaga sirinji. Ƙaton ya kau da kai ya ƙura wa bango ido, gumi na tsattsafo masa a goshi. Tsohuwar ta miƙa ɗaya hannun ta kamo yatsunsa.

"Rufe idonka," ta ce masa. "Yanzu za a gama."